Yaron da Ba Ya Rabuwa da Ciwo

Da zarar damina ta kankama a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, akan ga yaron da bai gama warkewa daga gudawa ba sai tari ya kama shi, daga nan kuma kunne ya fara zubar da mugunya. Tsofaffi kan ce iska ce ko mayu. Likita kuwa jinin yaron yake dubawa, domin a nan ne ake samun sinadaran da ake kira antibodi, waɗanda jiki ke ƙerawa don su gane ƙwayar cuta su kama ta.

Jariri yakan zo duniya da guzurin antibodi da ya samu daga uwarsa tun yana ciki. Wannan guzuri yakan yi ƙasa sosai tsakanin wata 3 zuwa wata 6, alhali nasa bai gama ƙarfi ba. A wannan rata ne nonon uwa ke da matuƙar amfani, musamman dakashi, wanda har yanzu ake matsewa a zubar a wasu gidaje.

Akwai yaran da ake haifa ba sa iya ƙera antibodi. Wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, ya bayyana irin wannan ciwo a 1952, kuma kusan maza kaɗai yake kamawa. Amma ba kasafai ake samunsa ba. A ƙasar Hausa, galibi garkuwar jiki lafiya lau take zuwa, daga baya ne ake karya ta.

A 1972, Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka nuna cewa yaran da ke fama da zazzaɓin cizon sauro ba sa ƙera isasshen antibodi idan an yi musu wasu alluran rigakafi. Binciken da ya biyo baya a Malumfashi ya nuna cewa yaran da aka riƙa ba wa kulorokwin sun fi amsa allurar sanƙarau. Yau an daina dogaro da kulorokwin, sai dai ana raba wa ƙananan yara wasu magungunan kariya wata-wata a lokacin damina.

Ɓarnar baƙon dauro ta fi muni. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan yaran ƙasar Holan ya gano cewa cutar na shafe kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in antibodin da yaro ya tara. Idan tamowa ta haɗu da wannan a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ciwon huhu ko gudawar da ta biyo baya kan kashe yaron da ya riga ya tsira daga ƙurajen.