Ƙananan Kamfanonin da ke Ƙera Injinan Lantarki na Taurarin Ɗan'adam

Aikin roka yana ƙarewa ne a cikin 'yan mintuna bayan tashinta, da zarar ta sauke tauraron ɗan'adam a kan falakinsa, wato hanyar da zai riƙa bi yana kewaya duniya. Daga nan tauraron zai shafe shekaru yana buƙatar abin da zai riƙa tura shi, domin ya hau sama kaɗan, ko ya kauce wa tarkace, ko ya rama saurin da ragowar iskar da ke can sama take rage masa. Injin da ke wannan aiki a yawancin sababbin taurari ba ya ƙona komai, da wutar lantarki yake aiki, kuma ƙananan kamfanoni sun sami gindin zama sosai a sana'ar ƙera shi.

Kowane injin kumbo yana tafiya ne ta hanyar watsa wani abu baya domin shi ya yi gaba, kuma gwargwadon saurin abin da aka watsa, gwargwadon raguwar makamashin da ake buƙata. Roka mai ƙona mai tana fitar da hayaƙinta da saurin da bai wuce kilomita 4 da rabi a sakan ɗaya ba. Injin lantarki kuwa yana ɗaukar iska mai nauyi irin su zenon, ya cire wa ƙwayoyin zarrarta lantarki guda domin su sami caji, sannan ya fizge su da ƙarfin lantarki ya cilla su waje da saurin kilomita 15 zuwa 30 a sakan, yana shan wutarsa daga farantan sola. Sai dai ƙarfin turinsa kaɗan ne ƙwarai. Injin kumbon Deep Space 1, wanda hukumar NASA ta harba a 1998, turinsa kamar nauyin kimanin giram 9 ne a tafin hannu, kusan fallen takarda biyu ke nan. Amma a inda babu iskar da za ta tare tafiya, turi kaɗan na tsawon watanni yana taruwa ya zama gudu mai yawa, kuma da haka ne kumbon Dawn, da zenon kilogiram 425 kacal, ya kewaya manyan duwatsun sararin samaniya biyu, Vesta da Ceres.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Amurka ta gwada irin wannan inji a sama tun 1964, Tarayyar Sobiyet kuma ta ɗora wani nau'insa, mai amfani da maganaɗisu wanda ake kira injin Hall, a kan tauraron Meteor a 1971, masana'antar Fakel da ke Kaliningrad ta ci gaba da ƙera shi shekara da shekaru. Abin da ya canza shi ne masu saye. A da, tauraron sadarwa guda yakan kai nauyin tan da yawa, kuma kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera masa inji, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ana harba dubban ƙananan taurari, wasu ba su fi akwatin takalmi girma ba, kuma a 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta wajabta a sauko da tauraron da falakinsa ke kusa da duniya cikin shekara 5 bayan ya gama aiki. Tauraron da ba shi da inji zai sha wahalar cika wannan sharaɗi idan falakinsa na da tsayi.

Babbar matsalar da ƙananan kamfanonin suka tunkara ita ce ta zenon, kuma a nan ne suka fi cancantar yabo. Zenon ba ya cin ƙarfe, ba ya kama wuta, yana da nauyin da ake so, amma a cikin kaso biliyan ɗaya na iskar duniya, kaso 87 kawai ne nasa. Ana samun sa ne a matsayin rarar masana'antun da ke tace iskar oksijin domin narka ƙarfe, kuma a da kaso mai tsoka yakan fito ne daga Rasha da Yukren, saboda haka yaƙin da ya ɓarke a 2022 ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Ga shi kuma sai an matse shi a tanki mai kauri, abin da ƙaramin tauraro ba shi da wurin ɗauka.

Kamfanin ThrustMe na Faransa, wanda Ane Aanesland da Dmytro Rafalskyi suka kafa a 2017 bayan bincikensu a makarantar École Polytechnique, ya koma ga aidin, sinadarin nan da ake shafawa a rauni kuma ake sakawa a gishiri domin maganin maƙoƙo. Nauyin ƙwayar zarrarsa ya yi kusa da na zenon, yana da araha, kuma daskararre ne wanda ɗumi kaɗan ke mayar da shi tururi kai tsaye, don haka babu buƙatar tankin matsi. Aibinsa shi ne yana cin ƙarfe, abin da ya tilasta wa injiniyoyin neman kayan da za su jure masa. A Nuwamba 2020 aka harba injinsu a kan wani tauraro na kamfanin Spacety na ƙasar Sin, ya zama injin lantarki mai aidin na farko da ya yi aiki a sama. Enpulsion na ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 2016, ya zaɓi indiyom, wani ƙarfe mai laushi da ke narkewa a zafin digiri 157, inda narkakken ƙarfen ke hawa kan ƙananan allurai, lantarki kuma ya riƙa fizgar ƙwayoyinsa daga tsininsu. Pale Blue, da ya fito daga Jami'ar Tokyo a 2020, ruwa zalla yake amfani da shi. A Indiya ma akwai Bellatrix Aerospace a Bengaluru.

Ƙirƙira kaɗai ba ta ciyar da kamfani. Mai tauraro ba ya son injin da ba a taɓa gwadawa a sama ba, gwajin ƙasa kuwa yana buƙatar katafaren ɗaki na ƙarfe da aka zuƙe iskarsa kaf, a bar injin yana aiki na dubban sa'o'i domin a ga yadda ƙwayoyin ke zaizaye bangon injin. Kuɗin wannan jira ne ke karya ƙananan kamfanoni ko ya kai su hannun manya, kamar yadda kamfanin Astra ya sayi Apollo Fusion a 2021. Tarihin kamfanin Busek na jihar Massachusetts yana nuna tsawon haƙurin da sana'ar ke nema: an kafa shi a 1985, amma sai a 2006 injinsa na Hall ya tashi a kan tauraron TacSat-2, shi ne injin Hall na farko ƙirar Amurka da ya yi aiki a sama. Da kamfanin OneWeb ya rasa injinan Fakel saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha, Busek na cikin waɗanda suka cike gurbin.

Wata barazanar kuma ita ce, mai saye mafi girma ba ya saye. SpaceX da kansa yake ƙera injinan Hall na taurarin Starlink, ya fara da iskar kiripton, sannan a 2023 ya koma argon, iskar da ta kai kusan kashi 1 cikin 100 na iskar duniya. A shekarar ce kuma Starlink ya fara sayar da intanet a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka da ta same shi, kuma kowane tauraron da ke isar da wannan saƙo irin wannan inji ne ke riƙe da shi a kan falakinsa.