Takardun Timbuktu da matsalar bauta a yau

A farkon shekarun 2000, masana daga Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Shamil Jeppie, sun fara aiki da Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu wajen karantawa da fassara tsofaffin rubuce-rubucen birnin.

Takardun sun ƙunshi fatawoyi kan aure, gado, ciniki da bauta. Fitacciya a fannin bauta ita ce Mi'irajus Su'ud, wadda Ahmad Baba ya rubuta a 1615 don amsa tambayar mutanen Tuwat. Ya ce baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce. Ya kuma lissafa Kano, Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Sai dai bai haramta bautar gaba ɗaya ba.

Har yau da sauran rina a kaba. A yankin Kayes na Mali ana cin zarafin waɗanda suka ƙi amsa sunan bayi. Nijar ta mayar da bauta laifi a 2003, amma a 2008 kotun CEDEAO ta same ta da laifin gaza kare Hadijatou Mani. Shi ya sa karanta waɗannan fatawoyi ke da amfani: duk mai fakewa da addini don ƙasƙantar da wani, ana iya tambayarsa hujjarsa daga littattafan malaman yankin.