Ƙaramar Kafa, Babban Aiki: Ilimin Kimiyyar da Ke Cikin Goge Mashigar Wutar Bindiga

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara busawa, sai maharban ƙasar Bagudo su fara shirin shiga dawa. Wannan ƙaramar hukuma ta Jihar Kebbi, wadda Kogin Kwara ya ratsa, tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Lolo, kuma dazuzzukanta da fadamunta sun daɗe suna ciyar da masu farauta na ɓangarorin biyu. Wanda ya taɓa zama kusa da tsohon maharbi a irin wannan lokaci zai lura da wani abu. Kafin ya kula da tsawon bindigarsa ko kyan kotarta, sai ya ɗauko siririyar waya ko ƙaya, ya tsaya yana sakace wata 'yar kafa da ke gindin bututun, wadda da ƙyar allura take shiga. Yaro zai ɗauka ɓata lokaci ne. Amma a can Turai da Amurka, masu gasar harbi da suka mallaki bindigogi masu tsadar gaske su ma suna ɓata sa'o'i a kan irin wannan 'yar kafa. Dalilinsu da na maharbin ɗaya ne, kuma yana cikin darussan kimiyyar sinadarai da na fizis da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Yadda wuta ke isa ga albarushi

Kowace bindiga tana aiki ne da wuta biyu, ƙarama da babba. Ƙaramar ita ce tartsatsin da ke tashi idan an ja kunama. Babbar kuwa ita ce ƙonewar albarushi a cikin bututu, wadda ke haifar da iska mai zafi da ƙarfin matsi har ta ingiza harsashi waje. Tsakanin wutar biyu akwai siririyar hanya. Idan hanyar a buɗe take, ƙaramar wuta za ta isa a kan lokaci. Idan ta toshe, ko dai bindiga ta ƙi tashi sam, ko ta yi jinkiri.

Bindigar toka, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, ta samo asali ne daga bindigogin da fataken Turai suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Daga cikinsu har da mutanen Denmak, waɗanda suka riƙe ganuwoyin ciniki a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau har zuwa 1850, shi ya sa a Turance ake danganta bindigar da sunansu. Irin na farko da dutsen ƙyastu suke tashi: dutse ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushi, wuta ta bi kafa ta shiga ciki. A shekarar 1800 wani masanin sinadarai Baturen Ingila, Edward Howard, ya bayyana wani sinadarin zaiba mai fashewa da zarar an buge shi. A 1807 kuma wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotland, Alexander Forsyth, wanda shi ma maharbin tsuntsaye ne, ya yi rajistar dabarar tayar da bindiga ta hanyar bugu. Daga nan aka samu 'yar hular ƙarfe da ake kifawa a kan hancin mashigar wuta, ita ce hular tartsatsi.

A harsashin zamani an haɗa kome wuri ɗaya. Akwai kwanso na tagulla, wanda galibi kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe ne, kashi 30 kuma tutiya. A gindinsa akwai ɗan gurbi da hular tartsatsi take zama, faɗinsa kimanin milimita 4.4 ko 5.3 gwargwadon girman harsashin, zurfinsa kuma kusan milimita 3. A tsakiyar gurbin akwai kafar wuta mai faɗin kimanin milimita 2. Wannan tsari na kafa ɗaya a tsakiya na Edward Boxer ne, jami'in ma'ajiyar makamai ta Woolwich a Ingila, wanda ya yi masa rajista a 1866. A wannan shekarar ce Ba'amurke Hiram Berdan ya fito da nasa tsarin, wanda kwansonsa galibi yake da ƙananan kafofi biyu a gefe. Abin mamaki, tsarin Baturen Ingila ne ya karɓu a Amurka, na Ba'amurken kuwa ya fi yaɗuwa a Turai. Tsarin Boxer ya fi sauƙin cire tsohuwar hula, don haka a ƙasashen da dokarsu ta yarda, masu gasar harbi kan sake cika kwanso ɗaya sau da dama.

Abin da wuta ke bari a baya

Babu wutar da ba ta barin toka. Baƙin albarushi haɗi ne na gawayi da farar wuta da gishirin fotashiyam naitiret, wanda shi ke ba da iskar oksijin da ƙonewar ke buƙata. Masana biyu na Ingila, Andrew Noble da Frederick Abel, sun yi bincike a kansa a shekarun 1870, suka gano cewa fiye da rabin nauyin albarushi ba ya zama iska, saura yake zama mai ƙarfi. Wani ya fita a matsayin farin hayaƙi, wani ya manne a bututu da mashigar wuta. Cikin wannan saura akwai fotashiyam kabonet da fotashiyam salfet da fotashiyam salfayid. Na ƙarshen nan shi ke sa warin ruɓaɓɓen ƙwai idan an zuba wa bindiga ruwa.

Fotashiyam kabonet ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Shi ne babban sinadarin da ke cikin ruwan toka da mata ke tacewa don miya ko don dafa sabulun salo. Halinsa shi ne zuƙar laima daga iska. Idan laimar iska ta haura kusan kashi 43 cikin ɗari, sai ya fara jiƙa da kansa har ya narke. Gishirin miya sai laima ta kai kashi 75 yake yin haka. Wannan ya bayyana abin da maharban bakin Kwara suka sani tun kaka da kakanni. A tsakiyar hunturu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20, dauɗar bindiga takan bushe ta yi tauri kamar ɓawo, ta ƙuntata kafa. Da damina kuwa sai ta zama baƙin taɓo, ta jiƙa sabon albarushin da aka ɗura, sa'annan gishirin da ke cikinta ya mayar da danshin ruwa mai ɗaukar lantarki, wanda ke gaggauta tsatsa. Tsatsa tana cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani, kuma gindin bututu, wurin da matsi ya fi ƙarfi, nan ne dauɗa ta fi taruwa.

Masu harsashin zamani ma sun sha wannan wahala. Ko bayan Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a 1884, bindigogin soja sun ci gaba da tsatsa duk da man da ake shafa musu. A 1922 Wilbert Huff na Hukumar Ma'adinai ta Amurka ya nuna cewa laifin na hular tartsatsi ne, domin sinadarin da ke cikinta yana barin gishirin fotashiyam kuloraid. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi, shi ya sa tsatsa ke ci gaba a ƙarƙashin man. Hulunan da ke ɗauke da zaiba kuma suna sa tagullar kwanso ta yi gautsi har ta tsage. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara komawa ga wani sinadarin dalma da ba ya jawo tsatsa, amma shi ma yana barin baƙar ƙura mai tauri a cikin gurbi.

Me ya sa ɗan bambanci ke zama babba?

Mai gasar harbi daga nesa abu ɗaya yake nema: kowane harsashi ya fita da gudu daidai da na ɗan'uwansa. Idan dauɗa ta taru a ƙasan gurbi, sabuwar hula ba za ta zauna daram ba. Wani ɓangare na ƙarfin bugun allurar bindiga zai tafi wajen tura hular ciki maimakon tayar da ita, kuma wutar da za ta fito ba lalle ta yi daidai da ta sauran ba. Hular da ta yi tudu sama da gindin kwanso ma tana da haɗari, domin tana iya tashi tun ana rufe bindiga.

Ɗalibi na iya auna muhimmancin gudu da lissafin da ya koya a aji uku. Abin da ke faɗuwa yana sauka tazarar da ta kai rabin 9.8 sau lokaci sau lokaci. A ɗauka babu turjiyar iska. Harsashi mai gudun mita 800 a daƙiƙa zai kai mita 100 cikin daƙiƙa 0.125, ya sauka santimita 7.7. Wanda gudunsa ya ragu zuwa mita 790 zai sauka santimita 7.9. Bambancin milimita 2 ne kawai. Amma a nisan mita 500, na farko zai sauka santimita 191, na biyu 196, bambancin ya zama santimita 5. Nisa ya ninka sau biyar, kuskure ya ninka sau ashirin da biyar, domin lokaci ana ninka shi ne da kansa. A zahiri iska tana rage gudun harsashi, don haka ainihin bambancin ya fi wannan.

Su kansu masu gasar ba bakinsu ɗaya ba a kan ko goge gurbi kaɗai yana ƙara saiti. Wasu suna goge kowane kwanso, wasu sun ce sun daina ba su ga canji ba, musamman a gajeren zango. Hanyar raba gardama ita ce wadda kimiyya ta shimfiɗa: a raba kwansuna iri ɗaya gida biyu, a canza abu ɗaya tak, a auna gudu sau da yawa, sa'annan a duba yadda sakamako ya warwatsu. Harbi uku ko biyar ba sa isa hujja, domin sa'a kaɗai na iya sa su taru wuri ɗaya.

Ga maharbin Illo ko Ka'oje, batun ya wuce santimita. Dabbar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa za ta matsa mita ɗaya cur idan wuta ta yi jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Abin da ya fi wannan muni shi ne jinkiri mai tsawo. Maharbi ya ja kunama, bai ji kome ba, ya ɗauka bindiga ta ƙi, ya sauke ta ko ya leƙa bakinta, alhali wuta na ci a hankali cikin jiƙaƙƙen albarushi. Ta haka ake rasa ido ko yatsu, ko a harbi abokin tafiya. Ƙa'idar da masu koyar da harbi suka yarda da ita ita ce a ci gaba da nuna bakin bindiga inda babu kowa, a dakata, kada a leƙa.

Lafiya da doka

Ƙurar da ake kankarowa daga gurbin hular zamani tana ɗauke da dalma. Arewacin Nijeriya ya ga illar dalma a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Jihar Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Saboda haka bai kamata yara su riƙa wasa da tsofaffin kwansunan da suka tsinta ba, balle su busa su kamar usur. Harsashin da bai tashi ba kuwa, kada a taɓa shi, a sanar da hukuma.

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ba. Bindigar toka ma tana cikin jerin makaman da dokar ta ambata, kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da izinin da ya shafe ta. Don haka sake cika kwanso da ake yi a wasu ƙasashe ba abin kwaikwayo ba ne a nan.

Gwaji don aji

Malami na iya nuna wannan darasi ba tare da bindiga ko albarushi ba. A samo sababbin ƙusoshi huɗu, a kankare su da takardar yashi. Na farko a bar shi haka. Na biyu a tsoma shi cikin ruwan gishiri, a bari ya bushe. Na uku a tsoma shi cikin ruwan gishiri, ya bushe, a shafa masa ɗan mai a kai. Na huɗu a tsoma shi cikin ruwan gishiri, a wanke da ruwan zafi, a busar sarai, sa'annan a shafa mai. A jera su cikin kwalba tare da jiƙaƙƙiyar auduga wadda ba ta taɓa su, a rufe. Ɗalibai su rubuta hasashensu tun ranar farko, su riƙa duba ƙusoshin kullum har mako biyu suna rubuta abin da suka gani. Bayan haka a maimaita gwajin da kwalba busasshiya marar auduga, a kwatanta damina da hunturu a kan tebur ɗaya.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Maharbin da ke wanke bindigarsa da ruwan zafi bayan ya tabbatar babu ɗuri a cikinta, ya busar da ita, ya sakace mashigar wuta, sa'annan ya shafa mai, yana bin matakan da binciken 1922 ya tabbatar, ko da bai taɓa jin sunan Huff ba. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan fulogin babur da kafar kabureta da bakin risho: inda ƙaramar hanya ce ke kai wuta ko mai, tsabtarta ce ke hukunta aikin na'urar baki ɗaya. Ɗalibin da ya gama gwajin ƙusa zai iya komawa gida ya bayyana wa kakansa dalilin abin da kakan ya yi shekaru yana yi.