Zuwa da wuri ko zuwa da wuri-wuri: rabon teburin abinci a jiragen ruwan shaƙatawa

A watan Janairun 2024 ne jirgin ruwan nan mai suna Icon of the Seas ya fara ɗaukar fasinja daga birnin Miami na ƙasar Amurka. Idan ya cika maƙil yakan ɗauki fasinja kimanin 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000 da ke yi musu hidima. Gari guda ke nan yake yawo a kan teku. Masu tallarsa sun fi ba da ƙarfi ga girmansa da wuraren ninƙaya da na wasanni, amma ni tambayar da ta tsaya mini a rai ta fi wannan sauƙi. Idan rana ta faɗi, yunwa ta taso wa mutum dubu bakwai a lokaci guda, wa zai fara zama, wa zai jira, kuma wa ke yanke wannan hukunci?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Amsata ita ce harkar ta matso kusa da mu fiye da yadda muke zato. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a shekarar 2023. A watan Disambar 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya, wanda ya fara tashi daga Jidda yana zagaya Bahar Maliya. Duk mai zuwa Umara ko fatauci Dubai zai iya cin karo da tallar irin wannan tafiya. Ko ga wanda ba shi da niyyar taka jirgin ruwa, yadda ake rabon teburi a cikinsa darasi ne a kan abin da kamfanoni ke nufi idan suka ce sun ba ka zaɓi.

Tsohon tsari a fili yake. Babban zauren cin abinci ba ya iya ɗaukar fasinja duka a zama ɗaya, don haka sai a raba su gida biyu. Rukunin farko su zauna da misalin ƙarfe 6 na yamma, na biyu kuma bayan ƙarfe 8 na dare. Tun ranar da ka shiga jirgi za a ba ka lambar teburinka, kuma a nan za ka riƙa zama kowane dare har ƙarshen tafiya, tare da mutanen da aka haɗa ka da su, ko ka san su ko ba ka san su ba. Ma'aikacin da ya kawo maka abinci daren farko shi ne zai kawo maka na ƙarshe. Yayin da rukuni ɗaya ke cin abinci, ɗayan yana zauren nishaɗi, sannan su yi musaya. Kuku ya san yawan farantin da zai fitar da kuma lokacin da zai fitar da su, shi ya sa madafa ɗaya ke iya ciyar da dubban mutane ba tare da hargitsi ba.

An gaji wannan tsari ne daga jiragen da ke ƙetare teku da fasinja kafin jirgin sama ya karɓe aikin. Iyayenmu da suka je karatu Ingila a zamanin Turawa da farkon samun 'yancin kai sun san shi, domin jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi jigila tsakanin Ingila da Legas daga 1951 har 1974, tafiyar kimanin mako biyu. A irin waɗannan jirage, kuɗin tikitinka shi ne ke nuna zauren da za ka ci abinci. Har gobe kamfanin Cunard bai saki wannan al'ada ba. A jirginsa Queen Mary 2, wanda ke kwana bakwai tsakanin Southampton da New York, mafi yawan fasinja a zauren Britannia suke cin abinci, masu manyan ɗakuna kuwa suna da nasu zaurukan, Princess Grill da Queens Grill.

Shi ma zaɓin cin abinci a lokacin da mutum ya ga dama ba yau aka fara shi ba, sai dai da can na masu hali ne. A 1905 jirgin Jamus mai suna Amerika ya buɗe gidan abinci na musamman, inda fasinja ke zaɓen abin da yake so a lokacin da yake so, ya biya daban. Titanic ma, wanda ya nutse a 1912, yana da irinsa domin fasinjojin aji na ɗaya. Tun daga tushe ke nan, sakin mara a teburin jirgi yana tafiya ne da farashinsa.

Da tafiyar jirgin ruwa ta koma hutu zalla, sai ƙorafi ya yi yawa. Wanda ya wuni yana yawo a garin da jirgi ya yada zango ba ya son ya dawo a guje don kada ƙarfe 6 ta wuce shi. Mai ƙananan yara ba ya son jiran ƙarfe 8 da rabi. Wani kuma an haɗa shi teburi da mai surutun da ba ya ƙarewa, ga shi sai an yi mako guda ana tare. A shekarar 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line, bayan kamfanin Star Cruises na nahiyar Asiya ya saye shi, ya fito da tsarin da ya kira Freestyle Cruising. Ya soke tsayayyen lokaci da tsayayyen teburi, ya sassauta dokar sutura, ya yawaita gidajen abinci a cikin jirgi. Kasuwa ta karɓa, sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa da sunan da ya laƙaba wa nasa: Princess ya ce Anytime Dining, Royal Caribbean ya ce My Time Dining, Carnival ya ce Your Time Dining. Mafi yawansu ba su kashe tsohon tsarin ba, sun ajiye shi ne gefe da gefe da sabon, fasinja ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa.

To amma lissafi ba ya jin talla. Mu ɗauka, a misali, jirgi yana ɗauke da fasinja 3,000, zaurensa kuma yana da kujera 1,500. A tsohon tsari kowace kujera za a zauna mata sau biyu, kowa ya samu. Da zarar an ce kowa ya zo lokacin da ya so, sai a tarar yawancin mutane lokaci ɗaya suke so, wato tsakanin ƙarfe 7 da 8. Kujerun ba su ƙaru ba, murhun madafa ma bai ƙaru ba. Sakamakon shi ne layi a bakin ƙofa, mutum yana tsaye da iyalinsa yana hangen teburan da wasu suka cika. Maganin da kamfanoni suka samo shi ne su ce wa fasinja ya kama teburinsa tun da wuri, ta waya ko ta manhajar kamfanin, sau da yawa ma tun makonni kafin jirgi ya tashi. Mutumin da aka yi wa alkawarin ba zai ƙara kallon agogo ba, sai ga shi zaune a gidansa yana tsara ƙarfe nawa zai ji yunwa ranar Laraba ta watan gobe.

Kamfanin Royal Caribbean ya gwada kai wannan tsari maƙura a 2014, lokacin da ya ƙaddamar da jirgin Quantum of the Seas. Ya cire babban zaure gaba ɗaya, ya maye gurbinsa da ƙananan gidajen abinci da dama, kowanne da irin girkinsa, ya kira tsarin Dynamic Dining. A takarda abin ya yi kyau. A aikace fasinjoji suka koka da wahalar kama teburi da dogon jira, tsofaffin abokan ciniki kuma suka yi kewar ma'aikacin da ya san su. Cikin 'yan shekaru kaɗan kamfanin ya janye tsarin, ya koma wa haɗin tsohon salo da sabo. Wannan bai hana wasu ci gaba da gwaji ba. Kamfanin Virgin Voyages, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2021, ba shi da babban zaure a jiragensa, sai gidajen abinci daban-daban da ake kama teburinsu ta manhaja.

Idan kujera ta yi ƙaranci, dole a sami hanyar fifita wani a kan wani. Hanya ta farko ita ce riga-rigen kama wuri, kowa ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Wannan ta fi amfanar wanda ya saba da tafiyar, ya iya manhaja, ya san ranar da ake buɗe rajista. Dattijon da bai saba da latse-latsen waya ba, ko wanda wannan ce tafiyarsa ta farko, sai ya shiga jirgi ya tarar an kwashe lokuta masu kyau, an bar masa na sakaliya ko na tsakar dare. Hanya ta biyu ita ce kuɗi. A kamfanoni da yawa, masu manyan ɗakuna da daɗaɗɗun abokan ciniki ana ba su fifiko wajen kama teburi, wasu ma suna da zaurensu na kansu. Sannan ga gidajen abinci na musamman da ake biya daban, ban da kuɗin tikiti, waɗanda suka zama hanyar samun kuɗin shiga ga kamfanoni. Bahaushe ya riga ya gama magana da ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Bambancin aji da aka ce an rufe ƙofarsa ya dawo ta taga, sai dai yanzu ba a rubuta shi a jikin bango.

Ga matafiyi Musulmi kuwa, lamarin kaifi biyu ne. Ta wani ɓangaren sabon tsarin rahama ne. Jirgi yana tafiya, lokacin magariba yana sauyawa daga rana zuwa rana, wani lokaci ma a matsar da agogon jirgi gaba ko baya idan an shiga wani yanki. Wanda aka ɗaure da ƙarfe 6 zai iya tarar da lokacin salla ya faɗo a tsakiyar cin abinci, mai azumi kuwa yana iya ganin an kwashe faranti kafin a sha ruwa. Tsarin zo-lokacin-da-ka-so ya warware wannan. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ma'aikacin da ke tare da kai kowane dare sau ɗaya za ka yi masa bayanin cewa ba ka cin naman alade, ba ka cin abin da aka dafa da giya. Daga nan shi zai riƙa lura, har ya kawo maka jerin abincin gobe tun yau domin a gyara maka a madafa. Idan kullum sabuwar fuska ce, kullum sai ka maimaita bayani, kuma yawan maimaici ke buɗe ƙofar kuskure. Haka abin yake ga mai ciwon suga da wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kifi. Shi ya sa kamfanoni ke neman a sanar da su buƙatar abinci na musamman tun makonni kafin tafiya, domin a tsakiyar teku babu kasuwar da za a aika yaro. Jirgin Aroya ya sauƙaƙa wa Musulmi wannan damuwa, tunda abincinsa na halal ne kuma ba a sayar da giya a cikinsa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu a wannan muhawara ba, wato masu hidimar teburin, waɗanda da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna shafe watanni a teku ba su ga iyalansu ba. A da, fasinja kan miƙa wa ma'aikacinsa tukwici a ambulan daren ƙarshe, saboda sun san juna, kuma ya ga ƙoƙarinsa. Da sabawar ta yanke, sai kamfanoni da yawa suka koma ƙara wani adadi a kan lissafin fasinja kowace rana, su raba wa ma'aikata. Tukwici ya tashi daga godiya ya koma haraji, ma'aikaci kuma ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da ba a riƙe sunansu.

Kamfanin Disney ya nemi tsaka-tsaki tun da ya fara a 1998. Fasinja yana da tsayayyen lokaci, amma kowane dare yana komawa wani gidan abinci daban daga cikin guda uku, ma'aikatan teburinsa da abokan zamansa kuma suna binsa duk inda ya koma. Ya sami sauyin wuri da na girki, bai rasa wanda ya san shi ba. A ganina wannan ya fi kusa da fahimtar abin da ɗan Adam ke nema a wurin cin abinci.

Mu da muka tashi muka ga ciyayya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Bayan magariba magidanta kan fito da kwanukansu ƙofar gida a haɗu a ci tare, mai nama a miya da mai lami duk hannu ɗaya, baƙon da dare ya yi wa ma ya tsoma nasa. Ba kowa ne ke jin yunwa a daidai wannan lokaci ba, kuma ba kowane maƙwabci ne ake jin daɗin zama da shi ba. Amma saboda lokacin tsayayye ne, kowa ya san inda zai sami kowa, wanda bai fito ba a aika a tambayi lafiyarsa. Tsohon teburin jirgi, duk da takurarsa, yana da ɗan kama da haka. Ba ina cewa a tilasta wa kowa komawa gare shi ba ne, domin mai jariri da mai azumi suna da hujjarsu. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum takura da sunan 'yanci, a ɓoye masa cewa kujerun ƙidayayyu ne kuma an riga an fifita wasu.

Saboda haka duk wanda Allah Ya hore wa irin wannan tafiya, ya yi tambaya kafin ya biya. Ya nemi sanin gidajen abincin da ke cikin kuɗin tikiti da waɗanda ake biya daban, da ranar da ake buɗe kama teburi, da adadin tukwicin da za a ƙara masa kowace rana. Ya rubuta wa kamfani buƙatarsa ta halal ko ta lafiya tun da wuri, ya ajiye amsar da suka ba shi. Idan da dattawa ko iyali masu yawa zai tafi, tsayayyen lokaci ya fi kwanciyar hankali, domin teburin mutum goma ba ya samuwa da ƙarfe 7 ga wanda ya zo haka kawai. Idan kuwa ya zaɓi tsarin sakin mara, kuma ya dace da ma'aikacin da ya fahimce shi a daren farko, to ya riƙe sunansa, ya roƙi a riƙa zaunar da shi a sashensa har jirgi ya dawo tasha.