Tsohon keke mai giya: Abin da ya kamata a sani kafin saye, gyara da hawa a ƙasar Gumel

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a gidan kowane ɗan kasuwa da ma'aikaci. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000 a wurare da dama. Garuruwan bakin iyaka irin su Maigatari ma sun riga sauran ɗanɗana wannan ƙunci, domin tun a Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka.

A ɗauka ma'aikaci yana kashe Naira 1,000 kullum a kan acaba zuwa ofis da dawowa. A kwanakin aiki 22 ya kashe 22,000 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wannan ne ya sa dokin ƙarfen da aka jingine a zaure ya sake samun daraja, ya kuma sa idon masu saye ya koma kan tsofaffin kekuna masu giya da ake kawowa gwanjo daga ƙetare. Sai dai sayensu na buƙatar sani, domin a cikin tarin da ake baje wa mutum akwai na ƙwarai, akwai kuma wanda kuɗin gyaransa zai fi kuɗin sayensa.

Asalin keken

Keken da Bahaushe ya fara sani shi ne baƙin nan mai tsayi, wato Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, sai Phoenix na Sin da Hero na Indiya. Shi kuwa mai giya da faffaɗar taya, wanda aka ƙera domin hawan tsauni, bai daɗe a duniya ba, kuma asalinsa ma daga gyaran tsofaffin kekuna ne.

A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin da ke Jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa tsinto kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 da aka yasar, suna ƙara musu giya da birki mai ƙarfi, suna gangarowa da su daga tsaunuka. A 1976 suka fara wata tsere da suka kira Repack, saboda duk saukowa sai giris ɗin birkin baya ya ƙone, dole a kwance a sake cusa wani. Daga cikinsu akwai Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze, wanda a 1977 ya ƙera gangar jikin keke sabuwa fil domin wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper ga kasuwa, a 1996 kuma tseren ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

Kekunan da aka yi tururuwar ƙerawa tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 su ne da yawansu ke iso mana yanzu, bayan masu su a Turai da Amurka da Japan sun koma ga sabbin samfura.

Me ya haɗa keken tsauni da ƙasar da ba tsauni?

Masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Abin da ke gajiyar da mai keke a nan shi ne rairayi. Da zarar an sauka daga kwalta zuwa hanyoyin ƙauyukan da ke kawo riɗi da zoɓo da gero kasuwa, siririyar tayar Raleigh mai inci 28 sai ta riƙa nutsewa tana yanka yashi, mahayi ya sauka ya tura.

Tayar keke mai giya inci 26 ce, faɗinta kuma kusan inci 2. Faɗin yana baza nauyi a kan ƙasa, kamar yadda tafin raƙumi ke yi. Idan aka ɗan rage iska, sai wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara faɗi. Giya kuwa, galibi 18 ko 21, tana ba mahayi damar sassauta feda ya ci gaba da juyawa a wurin da mai giya ɗaya zai tsaya cak. Abin da aka yi domin hawan tudu ya zama maganin yashi.

Amma kowane da aikinsa. Mai niyyar ɗora buhun gero ko jarkokin ruwa ya tsaya ga Raleigh ko Phoenix, masu kariya mai ƙarfi da jiki mai jure lodi. Mai giya na ɗaukar mutum ne da ɗan kayansa.

Abin dubawa kafin a biya

Gangar jiki ita ce keken. Sauran duk ana iya canzawa. Mai saye ya tafi da ɗan maganaɗisu. Idan ya kama jikin, ƙarfe ne, kuma duk mai walda a gari zai iya ɗinke shi in ya tsage. Idan bai kama ba, alminiyom ne, wanda waldarsa sai da na'ura ta musamman, kuma tsagewarsa kan zama ƙarshensa. Tambarin Cr-Mo ko Tange ko Reynolds a jikin bututu alama ce ta ƙarfe mai kyau, mara nauyi.

A duba mahaɗar bututu, musamman ƙarƙashin wuya. Fentin da ya yamutse ko ya kumbura a nan yana nuna an taɓa yin karo da keken. A tsaya a gabansa a hango ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. A kwance sandar sirdi a ga ko tana motsi, domin wadda tsatsa ta liƙe takan gagari makaniki. Tsatsar da ke saman fenti ba komai ba ce, amma wadda ta huda ƙarfe ko ta sa shi ɓarewa dalili ne na barin ciniki.

Mutane da yawa na ruɗuwa da keke mai sifirin a gaba da baya saboda kyan gani. A kan tsohon keke, sifirin ɗin yawanci ya riga ya mutu, kayan gyaransa ba sa samuwa, ƙura kuma na shiga cikinsa. Wanda ƙafarsa ta gaba ke riƙe da sandararren ƙarfe ya fi sauƙi, ya fi daɗewa. Araha ba ta ado, haka ma ado ba ya nuna ƙarko.

Akwai kuma batun amana. Kusan kowane keke na da lamba da aka buga a ƙarƙashinsa, wajen da feda ke juyawa. A rubuta ta a takardar ciniki tare da shaida, kada mutum ya sayi kayan sata bai sani ba.

Matakan gyara

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara da fenti. Gyara na farawa ne daga wuraren da ido ba ya gani: cibiyar ƙafar gaba, ta baya, wuya da mazaunin feda. Giris ɗin da ya shekara 30 a ciki ya bushe ya zama tamkar ƙaro. A kwance, a wanke da kananzir, a duba boris. Idan sun yi ƙuraje ko sun dushe, a zuba sababbi masu girma ɗaya da na da, a cika da sabon giris. Mai kwance feda ya tuna cewa ta hagu zarenta a juye yake. Wanda bai sani ba yakan ƙara ɗaure ta yana zaton kwancewa yake yi, har zaren ya lalace.

Sai sarƙa. Sabuwar sarƙa, daga ƙusa ɗaya zuwa ta 25 inci 12 ne cif. Idan awon ya ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta miƙe, kuma ta riga ta cinye haƙoran baya. A irin wannan hali a canza su tare, domin sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora tsalle take yi.

Birki ba wurin tsimi ba ne. A canza wayoyi da robobin da suka ƙeƙashe. A kuma lura cewa birkin tsofaffin kekunan nan iri biyu ne, na farkon zamani mai gajerun hannuwa da wanda kamfanin Shimano ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1990 mai dogayen hannuwa, kuma kowanne da irin maɗaurin da ya dace da shi. Haɗa na wannan da na wancan yana sa birki ya yi sanyi ko ya ƙi kamawa. A shafa gefen gargare da yatsa: idan ya yi rami, yashi da roba sun cinye shi, yana iya fashewa ana cikin tafiya.

Game da fenti, idan na asali bai lalace ba, a wanke a goge a bar shi. A ƙasashen da aka ƙera su akwai masu neman irin waɗannan kekuna da tambarinsu na asali, kuma ko a nan gida tambarin shi ne shaidar ingancin ƙarfe ranar da za a sayar.

Hawa da kulawa

Babban abokin gabar taya a wannan yanki shi ne ƙaya, musamman tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Wasu masu faci kan yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa domin ta zama garkuwa. Duk da haka kada a yi nisa ba famfo da sholisho da ƙyallen faci.

Al'adar tsiyaya baƙin mai a sarƙa har ya riƙa ɗiga tana cutar da keke. Mai da yashi in sun haɗu sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa. A ɗiga kaɗan, a juya feda, a goge na waje da tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi.

A daidaita sirdi yadda in an ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafa za ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa. A cikin yashi a sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin a shiga, a mayar da nauyi baya, a bar kan keken ya nemi hanyarsa ba tare da an danne shi ba. Kuma tun da irin wannan keke ba shi da murfin sarƙa, mai kaftani ko babbar riga ya tattare ta, ya ɗaure bakin wandon dama.

Tsakanin Gumel da Maigatari kilomita 20 ne da 'yan kai, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ga mai matsakaicin ƙarfi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka sammako ko yamma ya fi, da gorar ruwa. Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, hanyar kan cika da manyan motocin da ke ɗaukar shanu zuwa kudancin ƙasar nan. Mai keke ya kama gefensa, in dare zai yi masa kuma ya sa fitila gaba da abin ƙyalli a baya.

Abin da ya rage

A farkon shekarun 2000, lokacin da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, da yawa dariya suka yi, domin ana ɗaukar hawansa alamar rashi. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Abin da kira bai yi ba, tsadar mai ta yi.

Ƙananan hukumomi da makarantu irin Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya taimakawa da abu mai sauƙi: rumfa mai inuwa da ƙarfen ɗaure keke a bakin ofis da kasuwa. Masu gyaran da suka ƙware a kan Raleigh kuma suna buƙatar koyon saitin giya, sana'ar da matasa za su iya ci da ita. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Keken ƙarfen da aka ƙera shekara 30 da suka wuce, in an zaɓe shi da ido aka gyara shi daga ciki, zai iya kai uba ofis yau, ya kai ɗansa makaranta gobe.