Sana'ar Bututun Yayyafi da Ƙararrawar Gobara

 Ina nufin in yi magana bisa wata sana'a wadda ba ta yawaita a ƙasarmu ba tukuna, alhali kuwa bukatarmu gare ta mai tsanani ce. Ita ce sana'ar ɗaura bututun yayyafi da ƙararrawar gobara a cikin gine-gine.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba ɓoyayye ba ne ga kowa. A watan Maris na 2016 wuta ta kama kasuwar Sabon Gari ta Kano da dare, shaguna dubbai suka koma toka. A 2021 ta ci babbar kasuwar Sakkwato cikin Janairu, ta ci ta Katsina cikin Maris. A Fabrairun 2023 ta ci babbar kasuwar Maiduguri. Dattawan Nijar kuma ba su manta da ƙonewar kasuwar Yamai a 1982 ba. Mutum ya kwana da dukiya, ya wayi gari da bashi, har da amanar mutane da ke hannunsa. 'Yan kwana-kwana suna iyakar ƙoƙarinsu, amma kafin labari ya kai gare su, kafin motarsu ta ratsa layin da rumfuna suka toshe, wutar da bokiti guda zai kashe ta riga ta fi ƙarfin tanki goma.

Fasali na farko: asalin abin

A 1874 wani Ba'amurke mai suna Henry Parmelee, wanda ke da masana'antar kayan kiɗa, ya ƙago kan famfo mai buɗe kansa idan ya ji zafi, domin ya tsare dukiyarsa. A 1881 Frederick Grinnell ya kyautata ƙirar, ta bazu cikin masaƙu da ma'aikatu. Da aka ga kowane mai ɗaurawa yana bin awon da ya ga dama, sai masu inshora suka taru a 1896 suka kafa ƙungiyar da ake kira NFPA, suka rubuta ƙa'ida guda, wadda har yau ake sabunta ta ana aiki da ita a ƙasashe masu yawa. Ƙararrawa kuwa ta riga yayyafi, gama tun 1852 birnin Boston ya kafa akwatuna a tituna masu aika labarin gobara ta waya.

Kusan kowace doka ta wannan fanni bayan hasarar rayuka aka yi ta. A 1911 mutum 146 suka halaka a wata ma'aikatar ɗinki a Niyu Yok, aka tsananta dokar ma'aikatu. A 2017 mutum 72 suka halaka a benen Grenfell na Landan, sai a 2020 Ingila ta wajabta yayyafi ga sababbin benayen kwana da suka wuce mita 11. Alhazanmu ma shaida ne. A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina, fiye da mutum 300 suka rasu, bayan haka aka sāke tantunan da waɗanda wuta ba ta ci da sauƙi, aka sa musu ruwan yayyafi.

Fasali na biyu: yadda yake aiki

Ana jan bututu a ƙarƙashin rufi, cike da ruwa mai matsi, a jera masa kawuna nan da can. Bakin kowane kai a toshe yake da 'yar kwalba ta gilashi wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, da wani ruwa mai launi a cikinta. Idan zafin wuta ya hau sama, ruwan kwalbar ya kumbura, ta fashe, ruwan bututu ya fito ya bugi wani ɗan faifai ya watsu kamar ruwan sama. Ku lura, ya 'yan kasuwa: a irin wanda aka saba sa wa shaguna, kan da wuta ta taɓa shi kaɗai ke buɗewa, sauran suna nan a rufe. Saboda haka tsoron da wasu ke yi, wai hayaƙin turare zai jiƙa musu atamfar kasuwa duka, ba shi da tushe.

Launin kwalba shi ne alamar zafin da take fashewa a kansa, bisa ma'aunin santigiret: ruwan lemo 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja ita ce ta fi yawa, amma ƙa'ida ta ce ana sa ta inda zafin rufi ba ya wuce 38. To, wanda ya taɓa shiga rumfar kwano a Kano da tsakar ranar bazara ya san ƙarƙashin kwanon ya wuce haka, sai a nemi rawaya ko kore. A nan ake bambance masani da mai kwaikwayo.

Ƙararrawa ita ce mai tada na barci. Akwai na'ura mai sansanar hayaƙi, akwai mai jin zafi, akwai ɗan akwatin da mutum zai danna da hannunsa in ya ga wuta, dukansu a haɗe da allo guda wanda ke nuna sashen da abin ya faru. Ba a sa mai sansanar hayaƙi a madafa, sai mai jin zafi. Ƙurar hunturu kuma takan ruɗe ta ta yi kukan ƙarya, sai ana share ta a kai a kai. Da yake ruwan famfo da wutar lantarki ba su tabbata a garuruwanmu, lalle ne gini ya sami tankinsa, da injin tura ruwa mai shan man dizal, da batir na ƙararrawa.

Fasali na uku: yadda ake koyo

A Amurka mai koyon ɗaura yayyafi yakan yi shekara 4 zuwa 5 a ƙarƙashin gwani, da rana yana aiki, yana kuma karatun lissafi da zanen gini da ƙa'idoji. Ana biyansa tun ranar farko, ana ƙara masa mataki mataki, har ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. A Ingila koyon aikin ƙararrawa wajen shekara 3 ne. Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Almajiri ba ya hawa buzun malami sai ya zauna gaban malami shekaru, an saurari karatunsa, an yi masa izini.

A ƙasarmu hanyar tana da ƙofa biyu. Mai son yayyafi ya fara da aikin famfo da walda, ya san yankan bututu da yi masa zare da haɗa shi ba yoyo. Mai son ƙararrawa ya fara da aikin jan wayar lantarki. Kwalejojin fasaha suna koyar da duka biyu, hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 tana yi musu jarrabawa, ma'aikatar ƙwadago kuma tana yin gwajin sana'a mai daraja uku. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, da hukumar NDE suna da shirye-shiryen koyar da samari sana'a. Bayan wannan tushe sai yaro ya nemi kamfanin da ke yin aikin a bankuna da otal-otal da ma'aikatu, ya bi su. Daga nan wani ya zama mai ɗaurawa, wani mai zana tsarin, wani mai dubawa da gyara. Na ƙarshen nan aikinsa ba ya yankewa, domin kayan suna bukatar gwaji muddin ginin yana tsaye.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Akwai hawan tsani da ɗaukar ƙarfe mai nauyi da haɗarin lantarki. Kuma ba makawa sai yaro ya iya boko da lissafi da ɗan Turanci, gama zane da ƙa'idoji da su aka rubuta. Ɗalibanmu suna da haƙuri da hadda da sammako da ladabi, abin da ya rage musu shi ne wannan. Malamin da ya ga ɗalibinsa ya sauke, yana da hannu mai kyau, ya taimake shi ya cike wannan giɓi.

Uban da zai ba da ɗansa ya binciki maigidan tukuna. Ya ce a nuna masa ginin da ya yi, a buɗe famfon gwaji a gabansa ya ga ruwa ya fito, ƙararrawa ta yi kuka. Kana a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: shekara nawa, wa zai ciyar, me za a ba yaro ranar yaye.

Fasali na huɗu: amana

Na taɓa shiga wani babban gini na ga jan bututu a jere, gwanin sha'awa. Na tambayi mai gadi ina tankinsa, ya ce ai rabonsa da ruwa tun bara. Irin wannan ya fi rashinsa muni, domin mutane sun saki jiki sun kwanta bisa abin da babu shi. Aikin magini ko tela ana ganin aibinsa nan da nan. Aikin mai yayyafi kuwa yana iya yin shekara ashirin ba wanda ya san ingancinsa sai dare guda, a daren nan kuma ba a gyara kuskure. Wanda ya sa ƙaramin bututu ya karɓi kuɗin babba, ko ya sa hannu a takardar gwaji bai gwada ba, rayukan mutane ya ɗauka a wuyansa.

Ku ma 'yan kasuwa da naku haƙƙi. Kada a shafa wa kan yayyafi fenti, kada a rataya masa kaya, kada a tula dila har rufi, sai a bar kamu biyu tsakaninsa da kaya. Kada a cire batir domin kuka ya dame ku. Shugabannin kasuwa kuma, sa'ad da ake sake gini bayan gobara, su nemi a sa tanki da bututu da ƙararrawa tun a cikin zane, kuma su zaɓi samari daga 'ya'yan kasuwar su ɗauki nauyin koyonsu, domin mai gyara ya zama na gida, wanda shagon ubansa ke ƙarƙashin bututun nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Haza wasalam.