Akun da Ya Ƙi Fitowa Daga Keji

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce yana da irin akun da yake tsammani: mai surutu, mai wayo, wanda bakinsa ya kai shi ga sarautar waziri. Shi ya sa mutum yakan yi sanyin gwiwa in ya kawo aku gida, ya buɗe masa keji, sai tsuntsun ya maƙale a lungu yana gurnani kamar zai ci mutum. Na daɗe ina kiwon aku, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Malam, ta yaya zan fito da shi?" Amsata kullum guda ce: ba a fito da aku, shi ne yake fitowa.

Sai mu fara da sanin inda ya baro. Akun da muka fi sani, mai launin toka da jan bindi, ɗan kurmi ne. Asalinsa dazuzzukan Ghana da kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kongo, inda yake kwana cikin garke a kan dogayen itatuwa. Da yawan waɗanda ake gani a kasuwa kamo su aka yi, wasu da danƙo, wasu daga rami aka ciro su suna 'yan tsaki. Kamun ya yi yawa har a 2016, a taron Johannesburg, yarjejeniyar CITES ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Saboda haka mai son aku ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo. Wanda kuwa ya riga ya mallaki kamamme, ya sani cewa hannun mutum na farko da tsuntsun ya gani hannun da ya damƙe shi ne. A wurinsa keji ba kurkuku ba ne, shi kaɗai ne wurin da ba a taɓa shi.

Aikin farko a kan kejin yake. A jingina shi da bango, don aku ba ya samun natsuwa in ana iya zuwar masa ta kowane ɓangare. A ɗaga shi daidai ƙirjin mutum, kada a ajiye a ƙasa inda mage da yara ke zagaye shi. A sa shi inda zai ga harkokin gida, amma ban da bakin ƙofa mai yawan shige da fice. Da dare kuma yana son barcin awa goma zuwa sha biyu cikin duhu da shiru, domin akun da bai ƙoshi da barci ba fushi gare shi.

Sai kuma zama da shi. Ni nakan ɗauko kujera in zauna gefe, in ba shi kafaɗa, ina sauraren rediyo ko ina magana a hankali. Ba na zura masa ido, don a daji mai kafa maka ido shi ne mai shirin cin ka. Jikinsa zai faɗa maka inda iyakarka take. In ya lafe gashinsa ya miƙe tsaye, ko ya koma can baya yana gurnani, ka matso da yawa, ja baya. In ya tsaya da ƙafa ɗaya, yana gyaran gashi ko yana cin abinci a gabanka, ya fara yarda da kai.

Daga nan sai sayen baki, kamar na amarya. Nemo abin da ya fi so, ka cire shi daga kwanon abincinsa, ya zama daga wurinka kaɗai yake samu. Nawa kwakwar manja ce, wadda dama abincinsu ce a kurmi. Wani ayaba ko gwanda yake so. Gyaɗa ma tana aiki, amma kaɗan, kuma a tabbata ba ta yi fumfuna ba. Fara da jefa masa a kwano ka wuce. In ya saba, miƙa ta tsakanin ƙarafan keji. In ya soma karɓa, ɗaure sanda a jikin ƙofar kejin ta ciki, yadda in an buɗe sandar za ta fito waje, ka ajiye abin daɗin a ƙarshenta, ka koma kujerarka. Zai leƙo ya koma, ya sa ƙafa ɗaya ya janye. Kada ka tafa, kada ka kira mutanen gida su zo kallo. Kuma kada ka rufe ƙofar a bayansa. Sanin cewa yana iya komawa duk lokacin da ya so shi ne yake ba shi ƙarfin halin fitowa.

Kafin ranar nan a gyara ɗaki: a kashe fankar sama, a rufe tagogi, a fitar da mage. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro suna cutar da huhunsa, haka ma tiririn kaskon zamani wanda abinci ba ya kamawa, in ya yi zafi ainun. Fiya da cakulan guba ne gare shi, goro ma kada a ba shi ko don wasa. Komawa keji kuwa, kada a bi shi da zane ana kora, don kora ɗaya tana iya rushe aikin wata guda. A buɗe masa kafin lokacin cin abinci, yunwa za ta mayar da shi da kansa.

Wani aku mako biyu ya ishe shi, wani sai ya yi watanni. Amma a bambanta tsoro da ciwo. Tsuntsu gwanin ɓoye rashin lafiya ne, don haka in ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, ko ya daina ci, ko yana fige gashin kansa, likitan dabbobi yake buƙata. In lafiyarsa ƙalau, to lokaci kawai yake nema. Aku yakan yi shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum, wanda zai zauna da kai tsawon haka bai yi tsada ba in ya ci maka wata shida kafin ya taka hannunka.